Tarihin Alamomin Furuci da Matsalar Koyonsu ga Masu Shirin Koyar da Ingilishi: Misali daga Kwarin Komadugu

1.0 Gabatarwa

Asaga ƙauye ne a bakin kogin Komadugu Yobe, ƴan kilomitoci gabas da garin Difa. Kogin nan shi ne iyaka tsakanin Nijar da Nijeriya a wannan yanki, tun daga yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka ƙulla cikin 1904 da 1906, wadda ayarin Kyaftin Tilho ya bi sawunta ya kafa alamun iyaka daga 1906. Mutanen gaɓar arewa da na gaɓar kudu ƴan'uwa ne, galibinsu Barebari, noman tattasai da kamun kifi da auratayya sun haɗa su. Abin da ya raba su shi ne harshen makaranta: wannan gefe Faransanci, wancan gefe Ingilishi.

Yaron da ya tashi a irin wannan wuri yakan sha harshen Kanuri a nono, ya tsinci Hausa a kasuwa, ya koyi haruffan Larabci a makarantar allo, sa'an nan ya shiga lakwal ya gamu da Faransanci. Ingilishi ba ya zuwa sai a ajin farko na koleji. Idan Allah ya sa ya yi nisa har ya shiga shirin zama malamin Ingilishi, sai a aza masa wani rubutu kuma, watau alamomin furuci na ƙasa da ƙasa, a ce da su zai gane lafazin kalmomi a ƙamus, kuma da su zai gyara bakin ɗalibansa. A nan ne da yawa suke tuntuɓe. Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin waɗannan alamomi, da nuna cewa mafi yawan wahalar da ake sha a kansu tana da asali cikin tarihin rubuce-rubucen da ɗalibin ya riga ya koya. Batun ya ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da sabon kundin mulkin ƙasa ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

2.0 Asalin alamomin

Abin lura na farko shi ne, alamomin nan daga ɗakin koyar da Ingilishi suka fito, kuma a ƙasar Faransa. Paul Passy (1859–1940) malamin Ingilishi ne a birnin Paris. Cikin shekara ta 1886 shi da wasu malaman harsuna suka kafa ƙungiya da nufin amfani da ilmin furuci wajen koyarwa, domin sun ga rubutun Ingilishi na yau da kullum yana ɓad da yaran Faransa: harafi guda ya tsaya wa sauti uku ko huɗu, sauti guda kuma a rubuta shi ta hanyoyi da dama. Kafin su, Henry Sweet ya buga littafinsa na ilmin furuci a Ingila cikin 1877, Wilhelm Viëtor kuma ya fitar da wata ƙasida a Jamus cikin 1882 yana kira da a sake salon koyar da harsuna, a fara da magana kafin nahawu da fassara.

Cikin 1888 ƙungiyar ta buga jerin alamominta na farko bisa ƙa'idoji ƴan kaɗan. Muhimman cikinsu su ne: kowane sautin da ke iya bambanta ma'anar kalma a ba shi alamarsa shi kaɗai, alama guda ta tsaya wa sauti guda ko a wane harshe aka same shi, kuma a yi amfani da haruffan Romawa iyakar iyawa, sai inda suka gaza a ƙirƙiro sababbi ko a aro daga Girkanci. Mujallar ƙungiyar, wadda ta ɗauki sunan Le Maître Phonétique cikin 1889, da waɗannan alamomi aka riƙa buga ta har zuwa 1970. Ƙa'ida ta uku ita ce ta sauƙaƙa wa maɗaba'u aiki, amma kuma ita ce tushen rikicin da za mu gani a gaba, domin harafin Romawa ba ya zuwa wa ɗalibi fanko. Kowane harshe ya riga ya loda masa nasa sauti.

Wanda ya ɗora Ingilishi sosai a kan wannan tsari shi ne Daniel Jones, wanda ya yi karatu a wurin Passy a Paris tsakanin 1905 da 1906, daga baya ya shugabanci sashen ilmin furuci a jami'ar London. Ƙamusunsa na lafazin Ingilishi ya fito cikin 1917, littafinsa na bayanin furucin Ingilishi kuma cikin 1918. Lafazin da ya bayyana na masu ilmi ne na kudancin Ingila. Almajirinsa A. C. Gimson ya buga nasa littafin cikin 1962, sa'an nan da ya sake gyara ƙamusun Jones a bugu na 14 cikin 1977, sai ya sauya alamomin wasula da dama. Inda Jones yake rubuta /i/ da /iː/, Gimson ya rubuta /ɪ/ da /iː/; inda Jones yake da /u/ da /ɔ/ gajeru, Gimson ya sa /ʊ/ da /ɒ/; tagwan wasalin da ke cikin kalmar go kuwa ya tashi daga /ou/ ya koma /əʊ/. Ƙamusoshin Amurka suna da nasu hanyoyi daban. Ita kanta ƙungiyar ta yi wa jadawalinta babban gyara a taron Kiel cikin 1989. Ke nan abin da ake gabatar wa ɗalibi kamar tsari guda tabbatacce, a haƙiƙa tsare-tsare ne da suka yi ta sauyawa cikin shekara ɗari.

3.0 Yadda alamomin suka shigo rubutun harsunanmu

Reshe na biyu na wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Cikin 1926 aka kafa Cibiyar Nazarin Harsuna da Al'adun Afirka a London, wadda Bajamushe Diedrich Westermann yake cikin shugabanninta. Cikin 1927 cibiyar ta buga ƙasidar da ta ba da shawarar yadda za a rubuta harsunan Afirka, aka sake gyara ta cikin 1930. Mafi yawan haruffan da ta kawo daga jadawalin ƙungiyar Passy aka ɗebo su, irin su ŋ da ɛ da ɔ da ə. Cikin 1933 kuma Westermann da Ida Ward suka wallafa littafin ilmin furuci domin masu nazarin harsunan Afirka.

Hausa ta ɗauki rabonta cikin shekarun 1930, lokacin da Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin R. M. East ta tsayar da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda a da ake nuna su da ɗigo a ƙarƙashin harafi ko da waƙafi a gefensa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa cikin Janairun 1939, ta taimaka wajen bazuwarsu. Haka kuma aka tsayar da c a madadin ch na Ingilishi, aka bar sh da ts da j da y. Biyu daga cikin haruffan nan, ɓ da ɗ, alamomin furuci ne na ƙasa da ƙasa har wa yau.

A gefen Nijar al'amarin ya yi jinkiri, domin makarantar mulkin mallaka da Faransanci kaɗai take koyarwa. Ma'aikatan Faransa da ƙa'idar harshensu suka rubuta sunayenmu, shi ya sa ake ganin Komadougou da N'Guigmi da Maïné-Soroa a taswira, inda ou take tsaya wa u, gu kuma take tsaya wa g. Sai bayan samun mulkin kai, da aka fara yaƙi da jahilci cikin harsunan ƙasa a farkon shekarun 1960, aka ji bukatar daidaitaccen rubutu. Taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta kira, ya tsara haruffan Hausa da Kanuri da Fulatanci da Zabarmanci da Buzanci da harsunan Mande. Bisa shawarar wannan taro littattafan yaƙi da jahilci na Nijar suka riƙa ninka wasali don nuna tsayinsa. Cikin 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa sauran manyan harsuna, har da Kanuri. Taron Yamai na 1978 ya fitar da jerin haruffa na bai-ɗaya domin harsunan Afirka, na Janairun 1980 kuma ya daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Nijeriya, aka bar ninka wasali. Cikin 1999 hukuma ta tabbatar da ƙa'idojin rubutun harsunan ƙasa da doka. A rubutun Kanuri, na Nijar da na Barno duka, harafin ə ya zauna daram, kamar a kalmomin kəla, watau kai, da fər, watau doki.

4.0 Ingilishi nawa ne a kunnen ɗalibi?

Ingilishi ya shiga manhajar sakandare ta Nijar a matsayin baƙon harshe na farko, bisa tsarin da aka gada daga Faransa. Daga 1962 zuwa Janairun 2011 ƴan sa-kai na Amurka, na shirin Peace Corps, sun yi aiki a ƙasar, kuma koyar da Ingilishi na cikin ayyukansu na farko. Da aka kafa jami'ar Yamai a farkon shekarun 1970, wadda ta ɗauki sunan Abdu Mumuni cikin 1992, sai horar da malaman sakandare ya dawo gida. Sakamakon wannan tarihi shi ne, malamin Ingilishi na Nijar ya gaji lafazi iri biyu: na Ingila a ƙamus, na Amurka a bakin wasu malamansa ko malaman malamansa. Bambancinsu ba ƙarami ba ne ga mai koyon alamomi. Ba'amurke yana furta r a ƙarshen kalmar car, ƙamusun Jones kuwa bai rubuta ta ba.

Ɗan kwarin Komadugu yana da lafazi na uku, shi ne Ingilishin Nijeriya da yake ji a bakin ƴan kasuwa daga Damasak da Maiduguri da kuma a rediyo. Wannan lafazi ya ƙara kusantowa tun daga 2013, da rikicin Boko Haram ya kori dubban mutane daga jihohin Barno da Yobe zuwa jihar Difa. Bayan hare-haren da aka kai Boso da Difa ranar 6 ga Fabrairun 2015, ƙauyukan bakin kogi da yawa sun watse, mutanen Asaga ma cikin wannan shekara suka koma bakin babbar hanyar ƙasa ta ɗaya. Makarantu da dama sun rufe ko sun ƙaura, aka kuma sami yaran da suka fara karatu da Ingilishi a Nijeriya zaune tare da waɗanda suka fara da Faransanci. Malamin da aka tura irin wannan wuri yakan tarar a ajinsa akwai yaron da ya fi shi sakin baki da Ingilishi, ko da yake lafazinsa ba na ƙamus ba ne. Idan malamin bai riƙe alamomin da kyau ba, ba shi da ma'aunin da zai ce ga inda lafazin biyu suka rabu, balle ya yanke shawarar wanda za a bi.

5.0 Ire-iren wahalar

Idan muka ɗora waɗannan tarihohi a kan juna, za mu ga wahalar ta kasu gida huɗu.

5.1 Alamomin da suka ci karo da haruffan da aka sani. Wannan shi ne mafi tsanani, domin ɗalibi yana ganin ya san alamar, alhali ba ita ba ce. Alamar /j/ tana tsaya wa sautin da Hausa da Kanuri suke rubutawa da y. Amma harafin j a daidaitacciyar Hausa /dʒ/ ne, a Faransanci da wasu karuruwan Hausa na yamma kuma /ʒ/ ne. Mun sha ganin wanda aka rubuta masa /jes/ a allo, watau lafazin kalmar yes, ya karanta jes. Idan ya nemi mafaka a harafin y, sai ya tuna a darasin furucin Faransanci an koya masa /y/ ita ce wasalin da ke cikin lune. Sautin /tʃ/ kuwa Hausa c take rubuta shi, Ingilishi ch, Faransanci tch. Ita kuma ch ta Faransanci /ʃ/ ce, wadda Hausa da Ingilishi suke rubutawa sh. Wanda ya buɗe tsohon ƙamus mai tsarin Jones ya ga /gou/, idonsa da ya saba da Komadougou gu zai karanta. Hatta ɗan layin da ake sawa a sama don nuna gaɓar da aka ƙarfafa, mai rubutun Hausa yakan ɗauke shi alamar hamza ta cikin jama'a da sa'a.

5.2 Alamomin da aka sani da wani sauti na kusa. Babarbaren da ya iya rubuta harshensa ba ya tsoron ə, ya kuwa fi abokansa saurin rubuta ta. Sai dai wasalin Kanuri cikakke ne, yana ɗauke da karin sauti, harshe kuma ya fi ɗagawa wajen furta shi. Na Ingilishi raunanan wasali ne da ba ya zuwa sai a gaɓar da ba a ƙarfafa ba, kamar farkon about da ƙarshen teacher. Haka nan alamar tsayi. Bahaushe ya san bambancin gari na zama da gari na tuwo, saboda haka da an nuna masa /iː/ zai gane. Amma sai ya ɗauka tsayi kaɗai ya raba ship da sheep, alhali yanayin harshe ma ya bambanta, abin da ya sa Gimson ya kawo /ɪ/ ke nan. Tsohon tsarin Jones ya fi dacewa da kunnen Bahaushe, sabon kuwa ya fi faɗin gaskiyar furucin.

5.3 Sautukan da babu su a harsunan ɗalibi. Lafazin Ingila da ƙamus ke bayyanawa yana da ƙwayoyin sauti 44: baƙaƙe 24, tilon wasula 12, tagwayen wasula 8. Hausa wasula biyar gare ta, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye biyu, ai da au. Kanuri ana rubuta shi da wasula shida. Saboda haka /æ/ da /ʌ/ da /ɑː/, na cikin cat da cut da cart, duk a ce guda ko biyu a kunnen ɗalibi. Wanda kunnensa bai raba sautuka ba, haddar alamominsu ba ta amfane shi. Zai ci jarrabawar rubutu, ya shiga aji ya furta su iri ɗaya. A gefen baƙaƙe sauƙi ya fi yawa. Faransanci ya riga ya ba shi /p/ da /f/ da /v/ da /ʒ/, waɗanda suke wahalar da Bahaushen Nijeriya, Hausa kuma ta ba shi /h/ da /tʃ/, waɗanda suke wahalar da Bafaranshe. Saura /θ/ da /ð/ na cikin think da this, waɗanda akan mayar s da z, ko t da d. A nan akwai wata dukiya da makarantun horar da malamai ba su cika waiwaya ba. Ƙasar Barno ta shahara da karatun Alƙur'ani tun ƙarnoni, kuma wanda ya yi tajwidi ya san mafitar ث da ذ, watau tsinin harshe a bakin haƙoran sama, daidai inda ake furta sautukan Ingilishin nan biyu. Sai dai a yi hattara, domin a ajamin Hausa ث sautin c take tsaya wa, kuma a karatun gargajiya ba kowa ke fitar da su daga mafitarsu ba.

5.4 Tsarin gaɓa da ƙarfinta. Hausa ba ta yarda da cunkoson baƙaƙe a farkon gaɓa ba, shi ya sa kalmomin aro suka zama burodi da direba da sukuru. Ɗalibi yakan rubuta alamomin street daidai, ya zo furtawa ya cusa wasali a tsakani. Ƙarfafa gaɓa kuma baƙon abu ne ga duk harsunansa: Hausa da Kanuri karin sauti suke amfani da shi, Faransanci kuwa a ƙarshen yankin jimla yake aza nauyi. Tun da wurin ƙarfin ne yake nuna inda /ə/ za ta faɗo, wanda ya kuskure shi ya kuskure wasulan kalmar gaba ɗaya.

Ban da waɗannan akwai matsalar kayan aiki, ita ma mai tarihi. A zamanin keken rubutu da injin gurza takarda babu waɗannan alamomi a kan maɓallai, da hannu ake cike su, kowane malami da irin zanensa, har /ʊ/ da /u/ da /v/ su zama abu guda a takardar ɗalibi. Yau kwamfuta da wayar hannu suna iya rubuta su duka, akwai kuma ƙamusoshin da ke furta kalma a ji. Amma allo da alli su ne kayan aikin malamin ƙauye, kuma ba a cika koya masa zanen alamomin da hannu ba.

6.0 Kammalawa

Darasin da za a ɗauka daga wannan tarihi shi ne, Passy da abokansa sun ƙirƙiri alamomin ne don su raba yaro da ruɗun rubutu guda, na Ingilishi. Ɗalibinmu yana isowa da rubutu uku ko huɗu a kansa, kuma littattafan da ake koya masa da su ba a rubuta su da saninsa ba. Saboda haka muna ba masu tsara manhaja shawarwari kamar haka.

Na farko, a tsayar da tsarin alamomi guda da lafazi guda domin horar da malamai da jarrabawa, a kuma nuna wa ɗalibi sauran tsare-tsaren don ya gane su idan ya gamu da su a tsohon ƙamus. Na biyu, a fara darasin da rubuta harshen ɗalibi da alamomin, Kanuri ko Hausa ko Fulatanci, inda kunnensa ba ya kuskure, kafin a wuce zuwa Ingilishi. Na uku, a daina bin jadawalin daga sama zuwa ƙasa. A fara da alamomin da suka dace da haruffan da aka sani, a ware lokaci na musamman ga masu cin karo, irin su /j/ da /ʃ/ da /tʃ/ da /ə/, sa'an nan a zo ga sababbi, kuma kada a ba da alama sai kunne ya raba sautinta da na maƙwabcinta. Na huɗu, a shirya ƙaramin littafi da zai jera Ingilishi da Faransanci da Hausa da Kanuri da Larabci a shafi guda, sauti bayan sauti. Jami'ar Difa, wadda aka kafa cikin 2014, da masu binciken harsunan ƙasa da malaman tajwidi na yankin suna da abin da za su zuba a cikin wannan aiki.

Masu yaƙi da jahilci ma abin ya shafe su. Duk wanda ya koyi rubuta harshensa da ƙa'idar sauti guda harafi guda, ya riga ya riƙe ginshiƙin tsarin 1888, ya kuma san ɓ da ɗ ko ə tun kafin ya ji sunan ilmin furuci. Ƙarfafa karatu da rubutu cikin harsunan ƙasa a makarantun firamare na kwarin Komadugu zai rage wa masu horar da malaman Ingilishi rabin aikinsu.